Sharhi kan shirin rage ƙiba na kwana 30 da ake sayarwa a Birnin Kebbi: sikeli na sauka, amma rai na ƙunci

A kwana na tara ko na goma da fara shirin, ga irin saƙon da ke shigowa guruf ɗin WhatsApp: "Anti, tun jiya kuka nika yi ba dalili, ko muryar ɗiyana ban son ji." Amsar mai shirin kuwa ba ta sauyawa: "Ki daure Hajiya, dattin jiki ne ke fita, nan da kwana biyu za ki ji garau." Wannan amsa ce ta sa muka zauna muka duba shirin ɓangare-ɓangare, mu da aikinmu ya shafi abinci, motsa jiki da lafiyar ƙwaƙwalwa. Babu wani datti da fitarsa ke sa mutum kuka. Akwai dalilai sanannu, kuma kusan dukkansu suna rubuce a cikin jadawalin da aka saya.

Ba za mu kama sunan mai shirin ba, domin tsarin ya zama gama-gari. Abin da ake tallatawa a unguwar Gesse shi ne ake tallatawa a Badariya da Bayan Kara, sai dai a sauya launin takarda. Abu huɗu ake ba mai saye a dunƙule: jadawalin abinci na kwana 30, shayi iri biyu, na safe da na dare, gajerun bidiyo na motsa jiki, sai gurbi a guruf inda ake turo hoton sikeli kowace safiya. Alƙawarin da ke kan tallar shi ne kilo 10 a wata ɗaya. Mata suka fi saye, shi ya sa za mu yi magana da ke, amma duk bayanin ya shafi maza.

Mu fara da alƙawarin. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori, wato ma'aunin makamashin abinci, kusan 7,700, kilo 10 ke nan 77,000. Mace mai shekara 35, tsawo santimita 160, nauyi kilo 80, jikinta na ƙona kalori kusan 1,460 ko tana kwance, idan aka haɗa da hidimar gida ya kai kamar 2,000 a rana. A kwana 30 duk abin da jikinta zai ƙona 60,000 ne. Ko da ba ta sa komai a baki ba tsawon watan, kitsen da zai tafi bai kai kilo 8 ba. Wadda aka yi wa alƙawarin 10 an riga an shirya mata jin ta gaza tun kafin ta fara.

Jadawalin abincin

Rana ɗaya daga makon farko ta isa misali. Da safe shayin shirin, dafaffen ƙwai ɗaya da rabin kokwamba. Da rana faranti ɗaya na kabeji, karas da latas ba mai, da yanka ɗaya na gasasshen kifi. Ƙarfe biyar na yamma farfesun kaza yanka biyu da tuffa ɗaya, daga nan an rufe baki sai gobe. An hana tuwo, shinkafa, fura, koko, masa, wake, dankali, goro da shayin da aka saba. Da muka lissafa, ranar ta tsaya tsakanin kalori 650 da 750, sitaci ƙasa da giram 50, furotin kamar giram 55. Cin ƙasa da kalori 800 a rana abu ne da likitoci ke yi wa wasu marasa lafiya na ɗan lokaci, ana duba jininsu a kai a kai. A nan ana sayar da shi ga duk wadda ta turo kuɗi.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kilo ɗaya da rabi ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na makamashin jiki, kuma abincinta na yau da kullum sukarin jini ne, kamar giram 120 a rana. Jiki na da ɗan rumbu na sitaci: giram 100 a hanta, kamar giram 400 a tsoka, kuma kowane giram ɗaya yana riƙe da ruwa giram 3. Da zarar an yanke tuwo da shinkafa, rumbun nan zai fara ƙarewa cikin kwana biyu zuwa uku, ruwan da ke tare da shi ya bi fitsari, gishirin jiki ya bi shi. Kilo ɗaya zuwa biyu da ke ɓacewa a makon farko, wanda ake ta yi wa tafi a guruf, mafi yawansa wannan ruwa ne. Kafin ƙwaƙwalwa ta saba da makamashin da hanta ke haɗawa daga kitse, sai an yi kwanaki ana fama da ciwon kai, jiri in an miƙe tsaye, mantuwa da saurin hasala. Mace na tsaye a gaban murhu ta rasa abin da ta zo ɗauka, yaro ya zubar da ruwa ta yi masa tsawar da ita kanta za ta ji kunyarta daga baya.

Wannan mataki yakan wuce cikin mako guda. Wanda ba ya wucewa shi ne na yunwa. Idan abinci ya ragu sosai, sinadarin leptin da ke gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya yana faɗuwa cikin 'yan kwanaki, ghrelin mai tada yunwa ya hau, barci ya zama sama-sama. Masu bincike a Oxford sun nuna cewa mako uku kan kalori 1,000 a rana yana rage wa mata sinadarin tryptophan a jini, wanda da shi ƙwaƙwalwa ke haɗa serotonin, ɗaya daga cikin abubuwan da ke daidaita yanayin rai.

An daɗe da sanin inda hanyar ke ɓullewa. A 1944 zuwa 1945, Ancel Keys na Jami'ar Minnesota a Amurka ya gwada maza 36 lafiyayyu, waɗanda aka tantance jikinsu da hankalinsu. Aka rage musu abinci daga kalori kusan 3,200 zuwa kamar 1,570 na tsawon mako 24, suna tafiyar kilomita 35 a mako. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Tare da haka suka zama masu baƙin rai da saurin fushi, suka janye daga mutane, sha'awar iyali ta mutu, tunaninsu ya koma kan abinci dare da rana. Da aka sake musu, wasu suka riƙa ci har su rasa inda za su sa kansu. Nasu ya ɗauki wata shida, wannan wata ɗaya ne, bambancin ba ƙarami ba ne. Amma su rabin buƙatarsu aka ba su, jadawalin nan kuwa kashi ɗaya cikin uku yake ba matar da muka lissafa.

Mutane kan ce ai muna azumin Ramadan ba mu shiga wannan hali. Mai azumi yana sahur, yana buɗa baki da kunu da ƙosai, yana cin tuwo bayan tarawihi, kuma duk gari tare ake yi. Sannan addini ya ɗauke wa mara lafiya, ya sassauta wa mai ciki da mai shayarwa. Shirin nan bai ɗauke wa kowa ba.

Akwai wani abu da jadawalin ya yi sakaci da shi, wato ƙarancin jini. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da shi. Alamominsa su ne kasala, haki, faɗuwar gaba, rashin haƙuri da kasa tara hankali, kusan irin na ciwon damuwa. An cire wake, an rage nama, an kuma ce a sha shayi tare da abinci, alhali shayi na hana hanji tsotsar sinadarin ƙarfe. A bar aƙalla awa ɗaya tsakanin abinci da shayi. Gwajin jini kafin a fara ba shi da tsada, kuma in awon yawan jini (haemoglobin) ya nuna ƙasa da 12 ga mace marar ciki, ko ƙasa da 13 ga namiji, gyaran jini ne aikin farko.

Shayin

Na safe koren shayi ne da citta, ba shi da wata babbar illa, ba shi kuma ƙona kitsen da za a gani a sikeli. Matsalarsa ita ce an sa shi ya maye gurbin komai rana ɗaya. Kofinsa na da sinadarin kafin (caffeine), mai wartsake mutum ya hana barci, kamar miligiram 30. Wadda ta saba da kofi uku na baƙin shayi da Nescafé, ko Alhajin da goro ba ya barin bakinsa, yana iya shan 200 ko fiye a rana. Yanke kafin farat ɗaya na kawo ciwon kai bayan awa 12 zuwa 24, ya tsananta a rana ta biyu, ya ɗauki kwana 2 zuwa 9, tare da hamma, nauyin jiki da ƙuncin rai. Maganinsa mai sauƙi ne: a rage rabin kofi duk bayan kwana uku, a daina sha bayan la'asar, domin rabin kafin ɗin yana nan a jini bayan kusan awa biyar.

Na dare shi ne wanda muke cewa a zubar. Duk wanda ya buɗe ƙunshin zai ga busasshen ganye siriri mai tsini, ya ji warin da kakanninmu suka sani: filasko ne, maganin wankin ciki. Ledar ba ta faɗi adadinsa ba, ba ta kuma da lambar NAFDAC. Filasko na aiki bayan awa 6 zuwa 12, saboda haka wadda ta sha ƙarfe tara na dare murɗar ciki za ta tashe ta wajen uku ko huɗu, ta yi ta zarya zuwa bayi har kiran sallar asuba. Dare talatin a jere ba cikakken barci ya isa ya birkita lafiyayyen mutum ko da yana cin abinci ya ƙoshi. Kuma zawon ba ya fitar da kitse, domin filasko a babban hanji yake aiki, bayan ƙaramin hanji ya riga ya tsotse kusan duk abin da ke cikin abincin. Ruwa yake fitarwa da sinadarin potassium, wanda ƙarancinsa ke kawo raunin gaɓɓai, ɗaurewar tsoka da rikicewar bugun zuciya. Ba a shan filasko fiye da mako ɗaya sai da izinin likita. Ga mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ko digoxin na zuciya, haɗarin ya ninka. Zawo mai tsanani kuma na iya rage ƙarfin ƙwayar tazarar haihuwa.

Dalilin da ya sa muke matsawa kan lambar rajista shi ne tarihin magungunan rage ƙiba. A 2008 Turai ta dakatar da rimonabant saboda yana jefa masu sha cikin ciwon damuwa da tunanin kashe kai. A 2010 aka janye sibutramine a Turai da Amurka saboda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma hukumomi a ƙasashe da dama sun ci gaba da gano shi a ɓoye cikin shayi da kofin rage ƙiba da ake cewa na ganye ne zalla. Duk shayin da ya kashe miki yunwa gaba ɗaya, ya busar da baki, ya hana barci, zuciya na dukan uku-uku, ki ajiye shi a ranar.

Motsa jikin

A nan ne shirin ya fi kusa da yin daidai. Bidiyoyin gajeru ne, da Hausa aka yi bayani, ba sa buƙatar wani kaya sai igiya da tabarma, kuma mace na iya yinsu a tsakar gida ba sai ta fita ba. Wannan abin yabo ne, domin wurin motsa jiki na mata zalla ba ko'ina ake samu ba. Motsa jiki kansa magani ne ga ƙuncin rai: wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2024, wanda ya tattara gwaje-gwaje 218 na mutum sama da 14,000, ya nuna tafiya, sassarfa da atisayen ƙarfafa tsoka suna rage alamomin ciwon damuwa.

Adadin ne ya ɓata shi. Tsallen igiya 500 a ranar farko, ana ƙarawa har 1,500, kullum ba hutu, cikin yunwa, da ledar da ake naɗawa a ciki wai don tumbi ya narke. Mai kilo 80 da ba ta taɓa tsalle ba, gwiwa da diddige ne za su fara kuka. Ciwon tsoka na fitowa bayan awa 24 zuwa 72, in ba a huta ba sai ya haɗu da na gobe. Ledar gumi kawai take fitarwa, kitse ba ya narkewa daga inda aka matsa. A Birnin Kebbi daga Maris zuwa Mayu zafi na haura 40, mai atisaye na iya zubar da gumi lita ɗaya ko fiye cikin awa guda, ga filasko ya riga ya kwashe nasa da dare. Alamomin an wuce gona da iri su ne barci ya lalace duk da gajiya, bugun zuciya da safe ya fi na kullum sauri, ƙafafu su yi nauyi, al'ada ta jinkirta ko ta ɗauke, sannan mutum ya ji ya tsani abin da yake ɗoki a makon farko. Idan fitsari ya koma baƙi-baƙi kamar ruwan shayi mai kauri tare da ciwon tsoka mai tsanani, asibiti za a nufa, domin tsoka ce ke lalacewa kuma tana iya taɓa ƙoda.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, da kwana biyu na ƙarfafa tsoka. Ana hawa can ne da tsani. Makon farko tafiyar minti 10 zuwa 15 bayan sallar asuba, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba, ko a kewayen gida ko a filin wasa na Haliru Abdu tare da 'yan'uwa. A ƙara minti 5 kowane mako har a kai 30, kwana biyar. Kwana biyu a yi tashi-zauna daga kujera sau 10 zubi biyu, tura bango sau 10, da ɗaga gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi a kowane hannu. Kofi biyu na ruwa kafin a fita, ɗan abin taɓawa kamar dabino biyu ko ayaba, da rana ɗaya ta hutu cur.

Guruf ɗin

Zama cikin masu buri ɗaya na taimakawa, kuma a kwanakin farko ana ganin haka: wannan ta tayar da waccan, wata ta koya wa wata kwaɗon zogale. Abin da ya lalata shi dokoki uku ne. Hoton sikeli kullum, jerin sunaye daga wadda ta fi raguwa zuwa ta ƙarshe, da "ranar hukunci" ta ruwa da kokwamba zalla ga wadda ta ci abin da aka hana. Nauyin mutum na hawa da sauka kilo ɗaya zuwa biyu tsakanin yau da gobe saboda gishiri, ruwa, bayan gida da kusantowar al'ada. A mako na uku, lokacin da ruwan ya gama fita kuma jiki ya rage ƙona makamashi, sikeli kan tsaya cak. Mace ta bi doka sau da ƙafa, ta kwana da yunwa, ta wayi gari ta ga sunanta a ƙasan jeri. Daga nan ake faɗawa zagayen da muka fi tsoro: a ƙuntata, a kasa, a ci a ɓoye har ciki ya ɗaure, a ji kunya, a ƙara filasko ko a sa yatsa a maƙogwaro, a sake ƙuntatawa. Wannan ciwo ne mai zaman kansa, kuma 'yan mata masu shirin aure sun fi saurin kamuwa.

Awo sau ɗaya a mako ya wadatar, rana ɗaya, da safe, bayan an fito bayi. Tef ɗin tela ma ya fi sikeli faɗin gaskiya: a auna ƙugu daidai cibiya, burin shi ne ya zama ƙasa da rabin tsawon mutum, wato ƙasa da santimita 80 ga mai tsawo 160.

Babban laifin shirin shi ne ba a tambayar mai saye komai kafin a karɓi kuɗinta. Mai shayarwa na buƙatar ƙarin kalori kusan 500 a rana, kuma watannin bayan haihuwa lokaci ne da ciwon damuwa ya fi kama mata. Mai ciwon suga da ke kan insulin ko glibenclamide, in ta yanke sitaci ba a gyara mata magani ba, sukarinta na iya faɗuwa ƙasa da 70 (mg/dL) a na'urar gwaji: rawar jiki, gumi, ruɗewa, faɗa ba dalili, har suma. In haka ta faru a sha cokali uku zuwa huɗu na sukari a ruwa, ƙaramin cokali, a sake gwadawa bayan minti 15. Mai shan lithium, maganin ciwon ƙwaƙwalwa, rashin ruwa da gishiri na sa maganin ya taru ya zama guba. Mai shan amitriptyline ko olanzapine, su ma na ƙwaƙwalwa, da ta ga suna ƙara mata ƙiba kada ta ajiye su da kanta, likita na da madadin da zai sauya mata. Sai kuma waɗanda suka daɗe suna shan "sha ka fashe" don su yi jiki, yanzu suna son saukewa. In akwai dexamethasone a ciki kuma an sha fiye da mako uku, yanke shi rana ɗaya na iya kawo mutuwar jiki, amai, faɗuwar jini da baƙin ciki mai tsanani. A hankali ake janye shi, a hannun likita.

Hukuncinmu shi ne bidiyoyin sun cancanci kuɗi in an rage adadin, shayin dare bai cancanci shiga gida ba, jadawalin kuma sai an sake shi. Ga wadda ta riga ta biya, gyaran ba shi da wuya. Giɓin kalori 500 a rana na sauke kusan rabin kilo a mako, kuma ana samunsa ba tare da yunwa ba: kwalbar lemo mai santilita 50 na da sukari kusan giram 50, kalori 200 ke nan, babban cokali biyu na mai kuma 240. Matar da muka lissafa za ta iya karyawa da kofin koko mai ƙaramin cokali ɗaya na sukari da ƙwai biyu ko alala. Da rana shinkafa da wake, shinkafar kamar dunƙulen hannu, waken rabin haka ko fiye, mai cokali ɗaya a auna, kifi girman tafin hannu, ganye ya cika rabin faranti. Da la'asar gyaɗa cikin tafi ɗaya ko kofin kindirmo ba sukari. Da dare malmala ɗaya ta tuwon dawa ko gero da miyar kuka ko ta zogale da ɗan nama. Wannan na kai kalori kusan 1,500, daga tukunyar da kowa ke ci a gidan, kuma kifin Argungu da Yawuri ya fi tuffa sauƙin samu a kasuwarmu. A shigo da sauye-sauyen ɗaya bayan ɗaya: makon farko lemon kwalba da sukari, na biyu awon mai da faranti, na uku ƙarin tafiya. In wani abu ya taɓa yanayin rai, za a san wanne ne. Wani gwaji da Felice Jacka ta jagoranta a Ostareliya, aka buga a 2017, ya ɗauki mutum 67 masu ciwon damuwa. Waɗanda aka gyara wa abinci na mako 12, da hatsi, wake, ganye da kifi, ba tare da an sa su yunwa ba, kashi 32 cikin 100 sun samu sauƙi sosai, a ɗaya rukunin da ba a gyara wa abinci ba kashi 8. Ƙaramin gwaji ne, kuma mafi yawansu suna kan magani ko ganin likita a lokacin.

Yaushe ne abin ya wuce na abinci

Ƙuncin da sauyin abinci ya kawo yana da alama: yana zuwa kafin cin abinci, ya lafa bayan an ci, kuma in aka dawo da tuwo da barci yakan tafi cikin kwana uku zuwa bakwai. Ciwon damuwa ba ya jin abinci. Baƙin ciki ne ko mutuwar sha'awar komai, mafi yawan yini, kusan kullum, har mako biyu ko fiye. Mai shi na farkawa tun kafin asuba barci ya ƙi komawa, tana ganin kanta ba ta da amfani, tana ɗora wa kanta laifin da ba nata ba, wanka da girki su zama dutse, ta daina zuwa suna da biki, har sallah ta yi mata nauyi. Wannan ba raunin imani ba ne, kuma addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna. Akwai kuma akasin haka da ya kamata maigida da 'yan'uwa su lura da shi: barcin awa biyu ba gajiya, surutu ba tsayawa, kashe kuɗi ba lissafi. Shi ma na likita ne.

Idan ta ce gara ta mutu ta huta, ko ta fara rabon kayanta da neman gafara ba dalili, ba a jiran mako biyu. A tambaye ta kai tsaye, "Yaya, kina tunanin kashe kanki?" Tambayar ba ta cusa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Kada a bar ta ita kaɗai, a kwashe fiya-fiya, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, a tafi asibiti a ranar. A Birnin Kebbi ana iya farawa da Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda aka fi sani da FMC, ko Asibitin Sir Yahaya, in da buƙata su tura Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Jihar Sakkwato. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a riƙe masa sirrinsa kuma a nemi yardarsa kan magani.

Likita zai yi tambayoyi, sau da yawa guda tara na takardar PHQ-9, inda maki 10 ko fiye cikin 27 ke nuna a duba da kyau. Zai iya neman gwajin yawan jini, sukari, gishirin jiki da na maƙoƙo, tunda raunin wannan ƙullin na wuya na kawo ƙiba da ƙuncin rai tare. In an ba da magani, yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauyi, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an warware. A tafi da jadawalin abincin, da ledar shayin duka biyu, da duk ƙwayar da ake sha har ta gargajiya, a kuma rubuta ranar da aka fara shirin da ranar da kukan ya fara.